Shekara Bakwai da Fensir

Litinin, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yau an liƙa sanarwa a allon ƙofar ofis: nan da sati uku kwamiti zai zo ya zaɓi sabon shugaban aikin safe, tunda tsohon ya yi ritaya. Na karanta har sau uku, kamar in na daɗe a tsaye za a ƙara wani layi. Mu biyu muka cancanta, ni da Dogo. Dogon da ya shigo gidan ruwan nan bai san bututun shiga da na fita ba, ni na koya masa, har yau kuma Yaya yake ce mini.

Bari in rubuta yadda aikin yake, ko don in gan shi da idona a kan takarda. A ɗakin awo akwai ma'auni shida jere a bango, mu agogo muke ce musu. Kowace awa sai a karanta su a rubuta a babban littafi. Ƙaramin ma'aikaci da fensir yake rubutawa. In an tashi aiki, mai biro ya zo ya bi kan lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu a ƙasa, sannan ya ɗauki magogi ya goge abin da ya rage na fensir. Haka aka tarar, haka ake yi. Namiji shekara biyu yake yi da fensir a ba shi biro. Ni ina cikin ta bakwai, kuma shekara uku ke nan Dogo ne ke bin lambobina.

Layin ƙarshe na sanarwar ya ce kowa ya nuna wa kwamiti aikin hannunsa a babban littafi.

Ina son kujerar nan. Na faɗa, ba kuma kunyar faɗa nake ji ba.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Ban iya cin komai ba. Warin maganin ruwa yau ya fi na kullum.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Wani abu ya faru, ban san gefen da zan ajiye shi ba.

Saura minti biyar goma ta buga zuciyata ta tashi, na fita da gudu zuwa banɗakin mata. Banɗakin mata a wurinmu shi ne kuma ɗakin tsintsiya da bokiti, makullinsa yana hannun Iya mai shara, don daga ni sai ita mata a gidan. Na same shi a buɗe. Ina durƙushe a ciki na ji ƙwas, ƙwas, daga ɗakin awo, bangonsu ɗaya.

Na san wannan ƙarar kamar muryata. Agogo na uku, wanda ke nuna yawan maganin da ke shiga ruwa, maƙaryaci ne. Allurarsa na maƙalewa a kan huɗu, ko da maganin ya yi ƙasa, sai an buga gilashin sau biyu take sauka inda gaskiya take. An sha rubuta takardar a canza shi, har an gaji. Ni ma ba wanda ya koya mini baki da baki. A satina na farko na tarar da 'yar takarda ƙarƙashin littafi, an rubuta da fensir: na uku, buga sau biyu. Na ɗauka tsohon shugaba ne, na yi masa godiya, ya kalle ni kamar na yi masa wani yare.

Da na koma goma da kwata, ɗakin ba kowa. Layin ƙarfe goma a cike yake, duka shida, da fensir, kuma daidai. Ba rubutuna ba ne. Mai shi yana ja wa bakwai ɗinsa gajeren layi a tsakiya, ni ba na yi.

Dogo yana can bakin ƙofa yana waya tun tara.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Na je wurin Mai-sito, karo na nawa oho. Dokar gida ta ce ba a ba mutum biro sai ya yi wata shida yana sauka ɗakin ƙasa, inda manyan injina suke, kuma ba a rubuta cewa ya sauka sai yana sanye da takalmin aikin da sito ya ba shi daidai ƙafarsa. Ƙafata talatin da takwas. Mafi ƙanƙanta a sito arba'in da biyu. Kullum ina sauka, da wani tsohon arba'in da uku da na cusa wa tsumma, amma a takarda ƙafata ba ta taɓa taka matakalar nan ba.

Mai-sito ya yi mini dariyarsa ta kullum, ya ce an rubuta, ana hanya. Na ce wannan hanya, ko a ƙasa takalmin ke tahowa da kansa ai ya ci a ce ya iso. Ya ce in ƙara haƙuri, kamfani ba ya yin oda saboda ƙafa ɗaya. Na ce biyu ne. Bai yi dariya ba.

Asabar, bayan la'asar

Baban Auta, maigidana, ya ɗauki rigar aikina daga igiya ba tare da ya tambaye ni ba, ya zauna a keken ɗinkinsa ya farke gefe da gefe ya ƙara mata yatsa uku. Tela ba a ɓoye masa irin wannan. Ya ce, Injiniya, wannan zai kai ki wata ɗaya, bayan nan sai dai sabon yadi. Na ce sati uku kawai nake nema.

Auta tana ta tsalle a tsakar gida da sunanta, ba ta san an kusa ƙwace mata shi ba.

Ban gaya masa maganar littafi ba. Me zan ce? Wani yana yi mini aikina ina jin tsoro?

Litinin, ƙarfe biyu da rabi

An sake. Layin ƙarfe tara. Ƙwas, ƙwas, sannan shiru.

Litinin, ƙarfe bakwai na yamma

Na tambayi Dogo a fakaice ko ya shiga ɗakin awo da safe. Ya ce shi da fensir ai sun yi sallama tuntuni, ko riƙe shi ya manta. Ba mugu ba ne Dogo, wannan ne ma abin haushin. Da mugu ne da na samu wanda zan tsana in huta. Yana bin lambobina da biro yana fito, harshensa a gefen baki kamar ɗan aji ɗaya, in ya gama ya ce sannu da aiki Yaya, ya goge ni tas.

Na tambayi mai gadi, ya ce ba baƙon da ya shigo. Na tambayi Iya, tana share ƙarƙashin tebur, ta ce ita shara take yi, 'yar nan, ba ta ɗago ba.

Yau na lura da wani abu. Ɓurɓushin magogin da ke zuba a kan tebur ba ta haɗa shi da sauran shara. Da gefen hannu take tattara shi a tafinta, ta zuba a aljihu. Wataƙila kullum haka take yi ban taɓa dubawa ba. Wa ke duba mai shara?

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

An yi mana taro kan daidaito tsakanin maza da mata a wurin aiki. An kawo wata malama mai murya mai daɗi, aka jera kujeru a farfajiya, maza talatin da ni a layin gaba. Iya ba a gayyace ta ba, ita ta share wurin.

Gaskiya malamar ta san abin da take faɗa. Ta ce ba duka shinge ake gani ba, wani an gina shi ne da dokar da ba ta ambaci mace ko sau ɗaya ba. Ta ce ba kowa abu iri ɗaya daban, ba kowa abin da zai yi masa daidai daban. Na sunkuya na kalli ƙafata. Da ta tambaya ko akwai mai ƙorafi, sai duk kawunan suka juyo gare ni a tare, ba wanda ya yi ko tari. Manaja yana murmushi. Na ce babu.

Babu, na ce. Ni da bakina.

Bayan nan aka ce a yi mini hoto a ɗakin awo don allon sanarwa. Mai hoto ya ce fensir ba ya fitowa da kyau, sai Manaja ya zaro biro daga aljihunsa ya ba ni, na kafa shi a kan littafi ina murmushi, ban taɓa takardar ba. Ana ɗauka ya miƙo hannu, na mayar masa.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

A bakin ƙofa Manaja ya ce, "Malama, ya jiki?" Ban ce wa kowa ba ni da lafiya ba. Kuma ba fuskata yake kallo ba.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Na karɓi makullin ɗakin tsofaffin littattafai, na ce shirin kwamiti nake yi. Ɗaki ne mai taga ɗaya, sama, kantoci har rufi, sai ƙura da ƙarar ruwa a cikin bango. Na ɗauko na shekarar da na fara aiki na buɗe. Ba ni ciki. Na bara, ba ni ciki. Shafi bayan shafi rubutun tsohon shugaba, sannan na Dogo, fes, ba kuskure ko ɗaya.

Ban san abin da ya sa na ɗaga wani shafi saitin tagar ba. Sai ga ni. Magogi yana cire baƙin fensir amma ba ya cire sawun da ya danna a takarda. A ƙarƙashin kowace lambar biro ga tawa a kwance, ta ɗan karkata hagu yadda hannuna yake yi. Na zauna a ƙasa na yi kuka kaɗan, na farin ciki ne ko na mene ne ban tantance ba.

Da na tsaya nan da ya fi mini. Amma na ci gaba da ja baya, littafi bayan littafi, har na wuce zuwana. Shekaru masu yawa ba sawu mai kyau, maza ne masu sauri da ke canzawa duk shekara biyu. Sai a na shekara ashirin baya na ga hannu ɗaya da bai canza ba, littafi shida a jere. Bakwai mai layi a tsakiya.

Ya tsaya wata Alhamis, a tsakiyar shafi. Ƙarfe goma akwai shi, sha ɗaya babu. Daga nan bai sake fitowa ba.

Na mayar da littafin na fito da baya, ban iya juya wa kantocin nan ƙeya ba.

Lahadi, da hantsi

Na yi mafarki ina rubutu hannuna yana gogewa daga yatsu. Na farka na tarar Auta ce ta kwanta a kai ya mutu. Na yi dariya har Baban Auta ya leƙo, sai dariyar ta ƙi tsayawa inda ya kamata.

Talata, ƙarfe uku na rana

Na kusa faɗuwa a matakalar ɗakin ƙasa. Tsumman ya zame, ƙafata ta fita ta bar takalmin a taki na tara, na riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu ina jin injina suna kaɗa haƙorana. Abin da na fara tunawa ba ni ba ce, abin da ke cikina ne. Na biyu kuwa, in na faɗi me za a rubuta, tunda ban taɓa saukowa ba?

Ina zaune a wurin sha ɗaya ta buga. Daga sama, ta cikin duk hayaniyar nan, na ji shi. Ƙwas, ƙwas.

Na haura da takalmi ɗaya a hannu, ba ƙara. Ƙofar ɗakin awo a ɗan buɗe. Tsintsiya jingine da bango. Iya tana tsaye a gaban agogo na biyar, bayanta a miƙe yadda ban taɓa gani ba, fensirina a hannunta. Ba ta duba allurar sau biyu. Ta rubuta, ta matsa na shida, ta rubuta, ta ajiye fensirin daidai inda na bar shi, ta ɗauki tsintsiya. Bayan ya koma ya tanƙware.

Ta wuce ni a ƙofa ta ce sannu 'yar nan. Na ce yauwa Iya. Shi ke nan abin da muka ce.

Laraba, ƙarfe shida da rabi na yamma

Bayan an tashi na same ta a ɗakin tsintsiya. Ban yi tambaya ba, ita ma ba ta yi kamar ba ta san abin da ya kawo ni ba. Ta tura ƙofa ta rufe. A bayan ƙofar akwai ƙusa, shekara bakwai ina shiga ban taɓa dubawa ba, a jikinta tsohuwar rigar aiki irin tawa, launinta ya koɗe, an ƙara mata yadi gefe da gefe.

Ta ce shekara shida ta yi da fensir. Ta ce a ajinsu ita ta zo ta ɗaya. Takalminta talatin da bakwai, shi ma yana hanya. Da cikinta ya fito aka kira ta ofis wata Alhamis ƙarfe goma da rabi, aka yi mata magana mai daɗi, aka ce saboda lafiyarta da ta abin da ke cikinta an mayar da ita aiki mai sauƙi na ɗan lokaci. Da farko dafa shayi ne da kai takardu. Da ta haihu ta dawo aka ce an cike gurbinta, ta ɗan jira. Da ta ce a duba littafi aka duba, ba a gan ta ba. Manaja huɗu aka canza tun daga nan, kowa ya tarar da ita da tsintsiya ya ɗauka da ita aka haife ta.

Na ce me ya sa ba ta tafi ba. Ta ce da yara uku ina za ta, kuma wa zai buga na uku? Duk awa tana wucewa ta ƙofar nan da shara, in ta ga sabon yaro bai buga ba, ta buga da bakin tsintsiya ta wuce. Garin nan kaf ruwan nan suke sha, ta ce, har da jikokinta.

Sai ta jawo wani babban gwangwanin madara daga bayan bokiti ta buɗe. Cike yake kusan baki da ɓurɓushin magogi, toka-toka, mai laushi. Na ce na mene ne.

"Na ƙasan nawa ne," in ji ta. "Daga nan zuwa sama naki ne. Na ga bai kamata a zuba a bola ba."

Ɗan nata, wanda aka yi wa aiki mai sauƙi dominsa, yanzu direban babbar mota ne, yana da mata.

Alhamis, ƙarfe bakwai na yamma

Gobe kwamiti. Na goge rigata. Maɓallin tsakiya yana ja.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Su uku ne, da Manaja a gefe. Dogo ya fara shiga, ya fito yana share gumi ya ce Allah ya ba mai rabo, Yaya.

Babban littafi yana buɗe a gabansu. Shugaban kwamitin ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta irin na abokin takarata ba, shekara uku ba gyara ko ɗaya. Na ce na gode, ya ɗaga kai. Sun tambaye ni yara nawa gare ni, wa ke kula da su in na fito da asuba, ko maigidana ya amince. Ba su tambaye ni komai kan ruwa ba. Ni na kawo maganar agogo na uku da kaina, ɗaya ya rubuta wani abu gajere.

Daga ƙarshe aka ce in nuna aikin hannuna. Na ɗauki littafin na kai bakin taga na ɗaga shafi, na ce su duba ƙarƙashin tawada. Shugaban ya taso, mutumin kirki, har ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya daɗe yana dubawa.

"Malama, ni sa hannu nake nema," ya ce. "Inuwa ba ta shiga fayil."

Rana tana kan shafin sosai. Na san ya gani.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Dogo.

Talata

Ban je ba. Na ce kaina ke ciwo, kuma ba ƙarya na yi ba. Duk awa ina kallon agogon bango ina jira in ji ƙwas, ƙwas, a gidan da ba ma'auni.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Goma da rabi aka kira ni ofis. Na kalli agogo, na tuna yau Alhamis ce.

An ba ni kujera, an ba ni ruwa. Manaja ya ce kamfani yana alfahari da ni, ga hotona ma a allo. Ya ce sun lura da yanayina, kuma warin magani da matakala ba su dace da ni ba a yanzu. Saboda lafiyata da ta abin da ke cikina, na ɗan lokaci. Har kalmomin ba su canza ba. Ko dai takardar ɗaya ce suke ajiye da ita a aljihun tebur, suna kawai ake sauyawa?

Na ce in lafiyata ake nema, a ba ni takalmi daidai ƙafata da abin rufe hanci, a bar ni a ɗakin awo in daina sauka har in haihu. Ya ce wannan ai fifiko ne, shi kuma kowa ɗaya yake a wurinsa.

Ya turo takardar, ya zaro biron nan na ranar hoto ya ɗora a kai. Shekara bakwai, wannan ne karon farko da aka ce in sa tawada a takardar gidan nan. Na ce zan yi shawara da maigida, abin da na san ba zai iya musawa ba. Ya ce zuwa Litinin. Na ninke takardar, na haɗa da biron na sa a jaka. Ya bi biron da ido, amma bai miƙo hannu ba.

Juma'a, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Mai-sito ya aiko a kira ni, wai kayana sun iso. Wallahi da gudu na je. Har a hanya ina cewa ka ga, na zalunci mutanen nan a zuciyata.

Leda ce mara nauyi. Riga ruwan toka mai manyan aljihu biyu, irin ta Iya, sabuwa dal. Ya ce in gwada ko tana buƙatar gyara.

Na kawo ta gida. Baban Auta ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya bi ɗinkin da yatsa, ya auna da tef. Ya ce kafaɗa tawa ce, tsawo nawa ne, ciki kuwa an bar masa wurin wata huɗu nan gaba. Ya ce wanda ya ba da awon nan ya daɗe yana kallona. Sai ya ciro 'yar takardar oda da aka maƙala a wuya ya miƙo mini. Kwanan watan da ke kai ya riga sanarwar kwamiti da kwana biyu.

Kamfani ba ya yin oda saboda ƙafa ɗaya.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Yayata ta zo, ta ce in sa hannu, aiki aiki ne, albashi bai ragu ba tukuna, kada in yi taurin kan da zai bar ni a gida gaba ɗaya. Tana da gaskiya, shi ya sa na yi fushi da ita. Baban Auta bai ce yi ko bari ba. Ya ɗauki tsohon takalmin nan ya zare tsumman, ya yanka soso daidai ƙafata ya ɗinke shi a ciki.

Ranar Juma'a da zan fito Iya ta riƙe mini leda a bakin ƙofa kamar tana taya ni. A hankali ta ce, "Ni na sa hannu, 'yar nan. Ba su tilasta mini ba, har godiya na yi."

Tsoro nake ji. In na ƙi, za su iya kora ta. In na yarda, na san ƙusar da zan rataye rigata.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Na isa shida da rabi da rigar aikina. Kujerata ba ta nan, an ɗauke. Fensiri ma ba ya nan. Dogo yana tsaye a gaban littafi shi kaɗai, sabon shugaba, ba a kawo masa ƙaramin ma'aikaci ba tukuna, don haka shi zai karanta, kuma kai tsaye da biro. Ya gan ni ya rasa inda zai sa idonsa. Na tsaya a ƙofa.

Bakwai ta buga. Na ɗaya, ya rubuta. Na biyu, ya rubuta. Na uku, ya kalli allura a kan huɗu, ya rubuta huɗu. Shekara uku bai buga gilashin nan ba, kwafa kawai yake yi, hannunsa ya manta.

Na buɗe baki, sai ga tsintsiya ta wuce ta gefena. Ƙwas, ƙwas. Allurar ta yi rawa ta sauka, ta wuce uku, ta tsaya ƙasa da biyu. Maganin ya kusa ƙarewa tun daren jiya, ruwa kuma yana fita gari.

Dogo ya kalli allura, ya kalli Iya, ya kalli huɗun da ya rubuta. Ya ɗauki magogi ya goga, ya goga, takarda ta fara laushi, huɗu tana nan. Ya ce, "Yaya, ya za a yi?"

Na ce ya sauka da gudu ya buɗe sabon tankin magani, tunda shi ne mai takalmi. Ya tafi.

Na ciro biron Manaja. Na ja layi ɗaya a kan huɗun, na rubuta lambar gaskiya a gefe, na karanta sauran ukun, na rubuta sunana cikakke a wurin sa hannu. Nauyinsa daban ne da fensir, yana gudu a takarda ba sai an danna ba. Gurbin lokaci ne kawai Dogo ya bari babu komai. Na miƙa wa Iya biron.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta jingine tsintsiya, ta goge hannu a riga, ta karɓa. Ta rubuta bakwai, ta ja mata layinta a tsakiya. Ban ce ta ƙara komai ba, amma ta sunkuya ƙarƙashin sunana ta rubuta nata, a hankali, harafi bayan harafi.

Shekara bakwai ina ce mata Iya, sai yau na san sunanta.

Dogo ya dawo ya karanta shafin. Ya tsaya da magogi a hannu, sannan ya sa shi a aljihu. Manaja ya aiko sau biyu ana nemana da takarda, na ce ina kan aiki. Na karanta na takwas, na tara, har zuwa biyu, a tsaye, da tawada. Takardar tana jakata yadda aka ba ni ita. Rigar tokar tana cikin ledarta a ƙarƙashin gado.

Da zan fito na ga Manaja ta taga yana shiga ɗakin awo. Ya rufe ƙofa. Teburin nan akwai reza a aljihunsa, da ita nake fiƙe fensir.

Talata, ƙarfe shida saura kwata na safe

Abin da ke cikina ya motsa yau, karon farko, ina ɗaure igiyar takalmi. Wannan shafin da biro na rubuta shi. Zan je in ga ko namu na babban littafi yana nan.